Saiwar Fasaƙwari da Bashin da Take Bin Mu

A cikin itatuwan da Allah ya shimfiɗa a Afirka ta Yamma, daga Senegal har zuwa Kamaru, akwai wata bishiya mai ƙaya wadda ba ta da kwarjinin kuka, ba ta da inuwar gamji, ba ta kuma da 'ya'yan da yara za su yi rububi a kansu kamar kanya ko ɗinya. Hausawa na kiranta fasaƙwari, Yarbawa kuwa sun fi saninta da orin ata, wato asuwaki mai yaji. Masana tsirrai sun sa ta cikin dangin lemo, suka raɗa mata suna Zanthoxylum zanthoxyloides, ko da yake tsohon sunanta na Fagara ya fi zama a bakin masu bincike. Darajarta tana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarta rawaya ce mai ƙamshi, in ka tauna ta sai yaji ya ratsa harshe, bayan ɗan lokaci kuma dasashi ya mutu kamar ba naka ba. Shi ya sa tun kaka da kakanni ake neman ta don ciwon haƙori, ake kuma jefa ɓawonta cikin kayan yaji.

Ni kuwa ba ta hanyar yaji na san ta ba. Mu biyar iyayenmu suka haifa. Biyu sun koma tun ba a yaye su ba, uku muka rayu, autarmu kuma tana ɗauke da cutar amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila. Tun tana da wata bakwai hannuwanta da ƙafafuwanta suka fara kumbura, tana kuka irin wanda goyo ba ya tsayar da shi, nono ba ya lallashinsa. Kakarmu ta wajen uba, wadda ita ma ta binne 'ya'ya huɗu, ta ce wabi ne ya biyo gida. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce iska. Sai da aka ɗibi jininta a asibiti aka dawo mana da haruffa biyu, SS, aka kuma gwada Baba da Inna aka tarar kowannensu AS ne. A zamanin da suka yi aure ba a taɓa ce musu akwai wani gwaji da ya kamata ya riga goro isa gidan amarya ba.

Ga wanda bai taɓa zama da mai wannan cuta ba, ga yadda take. A cikin jinin ɗan'adam akwai jajayen ƙwayoyi masu siffar faifai, masu laushi, da ke ɗaukar iskar oksijin zuwa kowane lungu na jiki. Abin da ke riƙe iskar a cikinsu shi ake kira himogilobin. Ga mai sikila, an sami sauyi a gurbi ɗaya tak cikin ginin wannan sinadari, sai ya zama da zarar iska ta yi ƙaranci yakan daskare ya miƙe kamar tsinke, ya lanƙwasa ƙwayar ta koma siffar lauje. Laujen nan ba ya iya ratsa ƙananan hanyoyin jini, sai ya toshe su, inda kuwa jini bai kai ba nan ciwo ke sauka, a ƙashi, a ƙirji, a ciki. Lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120 tana aiki, mai lauje kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 take mutuwa. Daga nan ne ƙarancin jini ke fitowa, da rawayar ido irin ta shawara, da gajiyar da ba ta jin barci. Idan uba da uwa duka AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma cikin baya ba ya la'akari da abin da na gaba ya haifar.

Wani likita a Chicago mai suna James Herrick ne ya fara bayyana waɗannan ƙwayoyi a rubuce a 1910, bayan an gan su a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa aibin yana cikin himogilobin, a 1954 kuma Anthony Allison ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro, abin da ya bayyana dalilin yawaitar gadon a ƙasashen sauro. Nijeriya ce ke ɗauke da kaya mafi nauyi a duniya: kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da gadon, ana kuma ƙiyasta cewa kimanin jarirai 150,000 ake haifa da cutar kowace shekara. A wurin mai karatu wannan lissafi ne. A gidanmu kuwa ɗaya daga cikin dubban nan tana da suna, tana da tabarmar da take birgima a kai idan hunturu ya kama.

Wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da atamfa, maƙwabciyarmu a Kano, ita ta kawo wa Inna saiwar a ƙulle cikin tsohuwar jarida. Ta ce a garinsu da ita ake rainon irin waɗannan yara. Tun daga ranar fasaƙwari ya sami gurbi a madafarmu. Inna takan wanke saiwar, ta daddatsa ta, ta tafasa a wata 'yar tukunya da ba a dafa komai a cikinta sai ita, ta tace, ta ba autarmu rabin ludayi safe da yamma. Akwai damina guda da hunturu guda da suka wuce ba mu kwana a asibiti ba, Inna kuwa ba ta da shakka cewa albarkar saiwar ce. Amma a daidai wannan lokaci ne ta ɗaura gidan sauro, ta hana yarinyar wasa da ruwan sama, ta riƙa bin ta da kofin ruwa duk inda ta zauna, tana kuma ba ta ƙwayoyin folik asid da asibiti ya rubuta. Abubuwa biyar ake yi a lokaci guda, ɗaya daga ciki ne ya kwashe yabon, domin shi ne mai ɗaci, shi ne kuma ya fito daga hannun uwa.

Daren da ya raba gardama a zuciyata ya zo tana da shekara huɗu. Da magariba tana wasa, bayan isha'i ta yi laushi, leɓenta ya yi fari, cikinta ya kumbura ta ɓangaren hagu. Inna ta ɗumama ruwan saiwa ta ba ta, aka jira, ba abin da ya sauya. Baba ya saɓe ta a kafaɗa, muka tari adaidaita sahu a bakin titi. A asibiti aka ce saifarta ce ta tattare jinin jikinta ta riƙe, kuma da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Jinin da aka ƙara mata ne ya dawo da ita. Da gari ya waye wata ma'aikaciyar jinya ta ga gorar ruwan saiwa a cikin jakar Inna, ta ɗaga ta sama a gaban jama'ar ɗakin ta ce, “Ku ne masu kashe 'ya'yanku da jiƙe-jiƙe, sai abu ya ɓaci ku kwaso mana su.” Inna ba ta ce uffan ba. Ta karɓi gorarta ta mayar cikin jaka. Ba ta daina dafa saiwar ba, abin da ta daina shi ne faɗa wa likita.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Ma'aikaciyar tana da gaskiyarta, domin ta ga yaran da aka tsaya yi musu jiƙo har lokaci ya ƙure. Inna ma tana da tata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Sai dai tsawar nan ta haifar da haɗari na uku, wanda ya fi na farkon ɓoyuwa: yarinya tana shan magani iri biyu, mai rubuta ɗayan bai san da ɗayan ba. Dubban gidaje a ƙasar nan haka suke. Asibiti na magana da Turanci, tukunya na magana da Hausa, maras lafiya yana tsakiya, babu mai yi musu tafinta.

Wannan ne ya sa da na shiga jami'a na zaɓi kimiyyar sinadaran jikin halitta. A shekarata ta uku, ina bin tsofaffin mujallun bincike, na ci karo da labarin da ya sa na miƙe tsaye a ɗakin karatu. A farkon shekarun 1970, a Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo, wasu masana harhaɗa magunguna, cikinsu har da Abayomi Sofowora, suna gwada itatuwan asuwaki don su ga ko suna kashe ƙwayoyin cutar baki. Suna shuka ƙwayoyin cutar a kan faranti mai gauraye da jini, sai suka lura cewa duk inda ruwan saiwar fasaƙwari ya taɓa, jinin yana riƙe jan launinsa. Ba abin da suka fito nema ba ke nan, amma suka bi sawu. A 1971 suka buga rahoton cewa ruwan saiwar yana mayar da ƙwayoyin da suka lanƙwashe zuwa siffarsu a ɗakin gwaji, a 1975 kuma aka buga sakamakon wani ɗan ƙaramin gwaji na share fage a jikin marasa lafiya. Ashe abin da dattijuwar nan ta ƙulle cikin jarida ya riga ya shiga mujallun kimiyya tun Inna tana ƙaramar yarinya.

Da lokacin aikin binciken kammala digiri ya zo, saiwar na ɗauka. Hanyar gwajin ba ta da wuya. Ana ɗiga jinin mai SS a kan gilashi, a gauraya shi da wani sinadari mai zuƙe iskar oksijin, a rufe, a jira. Cikin ɗan lokaci, a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ka ga faya-fayan suna miƙewa suna zama lauje ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na fara ganin haka sai da na ɗauke ido, domin a karo na farko na ga fuskar abin da ke hana gidanmu barci. A gilashi na biyu, wanda na zuba wa ruwan saiwa, laujen ya ragu, ƙwayoyi da yawa sun tsaya a zagaye. Malamin da ke duba aikina ya leƙa madubin, ya gyaɗa kai, sa'an nan ya ce, “Ka ga abin da aka gani kafin a haife ka. Yanzu faɗa mini, ludayi nawa za ka ba yaro mai kilo goma sha biyar?”

Tambayarsa ita ce zuciyar al'amarin. Gilashi ba shi da hanta, ba shi da ƙoda, ba ya ɗaukar ciki. Abin da ya yi aiki a kan ɗigon jini sai ya ratsa tumbi da hanji, ya tsallake hanta, ya isa jini da ƙarfin da ya isa, ya kuma fita ba tare da ya bar ɓarna ba, kafin a kira shi magani. Saiwar da aka haƙa da rani ba lallai ta yi ƙarfi ɗaya da wadda aka haƙa da damina ba, ta tsohuwar bishiya ba ɗaya take da ta ƙarama ba, tafasar Inna ma ba ɗaya take da ta maƙwabciyarta ba. Irin waɗannan tambayoyi ba a amsa su sai da babban gwaji, inda za a raba ɗaruruwan marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a bi su shekara da shekaru ana ƙirga kwanakin ciwo. Shekaru fiye da 50 bayan rahoton Ife, saiwar fasaƙwari tana nan tana jiran gwaji mai wannan girma. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sun kuma ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Mun riƙe karin maganar farko, mun yi sakaci da ta biyu.

Ba a zauna haka kawai ba. A Burkina Faso masu bincike sun ware wasu sinadarai uku daga ɓawon saiwar, suka sa musu sunan ƙasarsu, burkinabin, suka kuma haɗa ta da saiwar tumfafiya suka yi maganin ƙwanso mai suna FACA. A nan gida, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD, ta karɓi wani haɗi daga hannun wani malamin coci mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, ta sarrafa shi ya zama Niprisan. Babu fasaƙwari a cikinsa. Masoro ne da kanumfari da karan dafi da itacen wata bishiya mai jan launi. An gwada shi a kan mutane ƙasa da 100, aka ga alamar yana rage yawan tashin ciwo, aka ba wani kamfanin Amurka lasisin sarrafa shi, aka ƙaddamar da shi a 2006. Bayan shekara biyu kamfanin ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kantuna na tsawon shekaru, iyayen da suka fara dogara da shi suka koma ga tukunya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwatanci da ƙasar Sin. A daidai shekarun da masanan Ife ke kallon farantinsu, wata masaniya mai suna Tu Youyou tana tace wani ganye, ɗan'uwan tazargade, da ta samo a tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu. Ƙasarta ta tsaya wa aikin har ƙarshe. Abin da ya fito daga ganyen nan shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro da muke saya a kowane kemis a yau, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Lokaci guda aka fara tafiyar, ɗaya ta isa, ɗaya ta tsaya a rabin hanya. Mai yiwuwa ne da an kai tamu ƙarshe a tarar amfaninta kaɗan ne, ko a tarar tana da illar da ta rinjayi amfanin. Ko wannan ma riba ce, domin uwa za ta san matsayinta, ta daina kashe kuɗin cefane a kan zato.

Don aikin binciken nawa na je Kasuwar Kurmi sayen saiwa wurin wani tsoho da ya gāji sana'ar daga mahaifinsa. Ya ɓantaro 'yar ƙarama ya miƙo mini ya ce, “Tauna, ɗana. In harshenka bai mutu ba, ba ita ba ce.” Ya ce daga kudu ake kawo musu ita, tana ƙara tsada, tana kuma ƙara sirancewa, domin masu haƙa sun cinye manyan bishiyoyi sun koma kan ƙanana. Ya ce akwai marasa tsoron Allah da ke cakuɗa ta da wasu saiwoyi masu rawaya, mai saye kuwa ba ya ganewa. Na fito daga rumfarsa da darasi biyu. Na farko, harshen tsohon nan shi ne kaɗai ma'aunin ingancin abin da ƙanwata ta sha shekara da shekaru. Na biyu, ganye in an tsinka yakan tofo, amma saiwa in an tone ta bishiyar ce ta tafi. Muna iya wayar gari bincike ya tabbatar da amfanin fasaƙwari a lokacin da babu sauran fasaƙwarin da za a haƙa.

Sauyi ya zo gidanmu ta hannun wata matashiyar likita, ƙanwata tana da shekara goma sha uku. Bayan ta gama dubawa sai ta ajiye alƙalami ta ce, “Mama, me kike ba ta a gida? Kowace uwa tana da abin da take bayarwa, ina so in sani ne don in kula da hantarta da ƙodarta.” Inna ta yi shiru, ta dube ni, sa'an nan ta faɗi abin da ta ɓoye shekara tara. Likitar ta rubuta shi a kati kamar kowane magani, ta sa aka yi gwajin jini, ta kuma ja mata layi: zazzaɓi, ciwon ƙirji, farin leɓe, kumburin ciki ko mutuwar wani sashe na jiki, waɗannan ba a tsayawa ɗora musu tukunya. Daga nan ta ɗora yarinyar a kan haidiroksiyuriya, maganin da aka amince da shi don sikila a Amurka tun 1998, wanda ke sa jiki ya ƙara ƙera irin himogilobin ɗin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. A Kano ma an yi gwaje-gwajen da suka nuna yana taimakawa wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Kwanakin asibitinmu sun ragu ƙwarai. Tambaya ɗaya cikin ladabi ta yi abin da tsawa ta kasa.

Wani zai ce tunda ga maganin da aka tabbatar, me ya rage wa saiwa? Amsar tana cikin aljihun talaka. Haidiroksiyuriya kullum ake sha, da gwajin jini a kai a kai, kuma akwai watannin da Baba ke zaɓa tsakaninsa da kuɗin makaranta. Dashen ɓargo, wanda ke iya warkar da cutar, ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Maganin gyaran ƙwayar gado da aka amince da shi a ƙarshen 2023 kuwa farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda. Muddin haka lamarin yake, iyaye mata za su ci gaba da dafa saiwa, ko an yarda ko ba a yarda ba. Tunda kuwa za a sha, haƙƙinsu ne a san abin da ake sha.

Bashin da saiwar nan take bin mu a fili yake. Jami'o'inmu da asibitocin koyarwa su haɗa hannu su yi mata gwajin da zai raba gardama, da kuɗin ƙasa, don kada sakamakon ya sake rataya a wuyan kamfani guda. A shuka ta a gonaki, a binciki ganye da rassanta ko za su iya maye gurbin saiwar. A zauna da masu maganin gargajiya a matsayin ma'abota ilimin da aka samo daga gare su, a rubuta sunansu, a ba su rabonsu. Likitoci kuma su koyi tambayar da matashiyar nan ta yi. Sama da duka, rigakafi ya fi magani. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da gwajin gadon sikila, amma doka ba ta shiga zuciya. Sai samari da 'yan mata sun san haruffan jininsu tun kafin soyayya ta yi nisa. Ni AS ne, kuma wannan ita ce magana ta farko da nake faɗa a duk gidan da na je da niyyar alheri.

Autarmu yanzu tana ajin ƙarshe na sakandare, tana son karanta aikin jinya. Kwanan baya ta tarar da ni ina cike takardar neman gurbin digiri na biyu, ta karanta taken binciken da na rubuta, ta ce, “Yaya, wai har yanzu saiwar Inna? To, ka gaya mini gaskiya, tana aiki ko ba ta yi?” Na ce mata a kan gilashi na gani da idona tana yi, a jikin mutum kuwa sai an auna. Ta ce, “In za ku auna, ka sa sunana a farkon layi.” Na ce sai likitarta ta yarda, sai kuma Inna ta sa albarka. Ta yi dariya ta ce Inna ai tun tana cikin zanen goyo ta sa albarkarta, mu masu karatu ne muka makara.